Farin magi, farfaɗiya da 'yan dakon ƙwaƙwalwa

Maman Yusra (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya sani ya fitar da ni daga duhu. Ƙanena ɗan shekara 14 yana da farfaɗiya, tun da ya yi wani zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana ɗan shekara 5, har ya kwana uku bai san inda kansa yake ba. Shekara uku ke nan yana shan Gardénal kullum da dare, kuma alhamdu lillahi akan yi wata shida bai faɗi ba. To, kwanakin baya aka turo wa Innarmu wani saƙon murya, wani mutum yana cewa farin magi da dunƙule su ne ke kawo farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Wai akwai wani abu gulutamet a ciki mai ƙona ƙwaƙwalwa, wai Turawa da kansu sun tabbatar. Inna ta kwashe magin gidan kaf ta zubar, ta ce tunda an gano tushen ciwon, babu dalilin ci gaba da ɗura wa yaro ƙwaya. Sati uku ke nan bai sha ba. Jiya da asuba ya faɗi, yau kuma sau biyu.

Nas Hadiza (Kusiri):
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin a shiga wata magana, don Allah yau ɗin nan ku kai shi wurin likitan da ya rubuta masa maganin. Gardénal ba a yanke shi rana ɗaya. Yanke shi haka kawai yana iya jawo faɗuwa a kai a kai, wata na bin wata. Idan ya faɗi kafin ku tafi, ku kwantar da shi ta gefe ɗaya, ku janye wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, ku ɗauke shi sai asibiti, kada a tsaya jiran kowa.

Alhaji Mai Goro (Marwa):
Allah ya ba shi lafiya. Amma ni ma na ji saƙon nan, kuma ban ga laifin mahaifiyarku ba. Lokacin da muke yara da daddawa ake mana miya, ba mu san wannan shanyewar jikin da ta cika gari yanzu ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗalibin Likita (Garwa):
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ku ba ni dama in ɗan ja magana, don wannan saƙon ya haɗa gaskiya da kuskure a ƙwarya ɗaya, shi ya sa yake shiga kunne.

Gaskiya ne gulutamet yana iya kashe ƙwayoyin jijiya. Amma gulutamet ɗin da ke yin wannan ɓarna ba daga tukunyar miya yake zuwa ba. Ƙwaƙwalwa ita ke sarrafa nata da kanta, kuma ba za ta yi aiki ba sai da shi. Shi ne babban ɗan aiken da ƙwayar jijiya ke turawa ga maƙwabciyarta ta ce mata "tashi". Yanzu da kuke karanta wannan rubutun, da shi kuke karantawa. Yaron da ke hardar allo da shi yake riƙe karatunsa.

Ƙwayoyin jijiya ba sa taɓa juna, akwai ɗan ƙanƙanin rata tsakaninsu. Ta farko ta fesa gulutamet cikin ratar, ta biyu ta karɓi saƙo. To nan ne maganar take: da zarar saƙon ya isa, dole a kwashe gulutamet ɗin nan take, tun kafin ƙiftawar ido. In ya zauna a wurin, ƙwayar ta biyu za ta ci gaba da jin "tashi, tashi" ba hutu. Ƙofofinta su zauna a buɗe, sinadarin kalsiyam ya yi ta kwarara ciki har ya fi ƙarfinta, ta kumbura ta mutu.

Masu kwashewar wasu sunadarai ne da ke zaune a jikin bangon ƙwayoyin halitta. Ni 'yan dako nake ce musu, don aikinsu ke nan, ɗaukar kaya daga waje zuwa ciki. Iri biyar ne, ana kiransu EAAT1 har zuwa EAAT5. A 1992 aka fara gano ainihin ƙirar uku daga cikinsu. Babbansu shi ne EAAT2, shi kaɗai yana ɗauke kusan kashi 90 cikin 100 na kayan a babban sashen ƙwaƙwalwa. Kuma mafi yawansa ba a jikin jijiyar yake ba, yana jikin wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke kewaye da jijiyoyin suna musu hidima, ana ce musu asturosait. Su suke haɗiye gulutamet, su mayar da shi wani sinadari marar zafi mai suna gulutamin, su miƙa wa jijiyar ta sake ƙera sabon ɗan aike da shi. Ba a asarar komai.

Alhaji Mai Goro (Marwa):
Ɗana, na ji. To in mutum ya sha miya da magi uku a ciki, ba ya ƙara wa waɗannan 'yan dakon naka kaya ke nan?

Ɗalibin Likita (Garwa):
Tambaya mai kyau, Baba. Kayan ba ya ma isa wurinsu. Na farko, hanji yana ƙona mafi yawan gulutamet ɗin da muke ci don samun ƙarfin aikinsa, kaɗan ne ke shiga jini. Na biyu, tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsauri, ba kowane abu yake bari ya wuce ba, kuma gulutamet yana cikin waɗanda ake tsarewa. Har ma akwai irin waɗannan 'yan dakon a jikin shingen, amma aikinsu fitarwa ne daga ƙwaƙwalwa zuwa jini.

Sannan daddawar da kuka ambata, daɗin da take sa wa miya na gulutamet ne. Yana cikin tumatir, yana cikin busasshen kifi, yana cikin kilishi. Nonon uwa ma cike yake da shi, ya fi na saniya nesa ba kusa ba. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, a 1908 ya tace shi daga wata ciyawar teku da suke romo da ita, shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Jiki ba ya bambanta na cikin leda da na cikin daddawa.

Abban Walid (Ngaundare):
Ni ban gamsu ba tukuna. Na taɓa karanta cewa an gwada a jikin ɓeraye ƙwaƙwalwarsu ta lalace, har kamfanonin abincin jarirai a Amurka suka cire shi. In ba shi da illa me ya sa suka cire? Kada mu zama masu kare kayan kamfani.

Ɗalibin Likita (Garwa):
Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, ba zan musa ba. John Olney ne ya yi wannan aikin a 1969, kuma kafinsa a 1957 wasu masana biyu, Lucas da Newhouse, sun ga irin haka a tantanin cikin idon ɓeraye. Daga aikin Olney ne ma aka fahimci cewa yawan zuga jijiya yana kashe ta. Amma dubi yadda ya yi: jariran ɓeraye ne sababbin haihuwa, shingen nasu bai gama ƙwari ba, kuma allura ya yi musu a ƙarƙashin fata da adadi mai yawan gaske. Ka ga an tsallake hanji ke nan. Cire shi daga abincin jarirai riga-kafi ne, kuma ni ma ina goyon bayansa, jariri ba ya buƙatar ƙarin ɗanɗano. Amma allurar jaririn ɓera daban, miyar kuka a cikin yaro ɗan shekara 14 daban.

Abban Walid (Ngaundare):
To shi ƙanen Hajiya me ya same shi ke nan a bayaninka?

Ɗalibin Likita (Garwa):
Ni ɗalibi ne, kuma ban gan shi ba, likitansa ne zai yi magana a kansa. Abin da aka sani a dunƙule shi ne, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa, haka sanƙarau, haka wahalar haihuwa, haka buguwar kai a haɗarin babur. A wurin tabon, ma'aunin da ke tsakanin ɗan aike mai cewa "tashi" da ɗaya ɗan aiken mai cewa "kwanta", wanda ake kira GABA, sai ya karkace. Farfaɗiya ita ce lokacin da dubban ƙwayoyi suka tashi gaba ɗaya ba tsari.

Abin da ya nuna mana nauyin 'yan dakon nan, a 1997 wasu masana a Japan ƙarƙashin Kohichi Tanaka suka samar da ɓerayen da aka cire musu babban ɗan dakon kwata-kwata. Ba wanda ya ba su magi. Da kansu suka riƙa farfaɗiya mai tsanani, da yawansu suka mutu tun suna ƙanana. A cikin mutane ma an samu jarirai, kodayake ba su da yawa, da aka haifa da tangarɗa a ƙwayar gadon da ke ƙera EAAT2, kuma farfaɗiya mai wuyar magani take kama su tun a watannin farko. Sannan an auna cikin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ake shirin yi wa aiki, aka ga gulutamet yana hauhawa a wurin da ciwon ke tasowa lokacin faɗuwa.

Wannan ne ya sa maganar Anti Hadiza ta minti 5 ba wasa ba ce. Jijjigar da ta daɗe tana nufin gulutamet yana zuba fiye da yadda za a iya kwashewa, sai a ƙara sabon tabo a kan tsoho. Gardénal kuwa aikinsa ƙarfafa wa mai cewa "kwanta" gwiwa. Inna ta zubar da abin da ba shi da hannu a ciwon, ta janye wanda ke riƙe da shi.

Maman Yusra (Garwa):
Innalillahi. Wallahi don ƙauna ta yi, kullum kukanta ƙwayar tana sa shi barci a makaranta. Na kira maigidana yana zuwa da mota yanzu.

Nas Hadiza (Kusiri):
Kowa ya san don ƙauna ne, kada ku ɗora mata laifi ta ƙara shiga damuwa. Ku gaya wa likita maganar barcin, akwai yadda ake daidaita adadin ko a canja zuwa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Matsalarmu a nan ba rashin maganin da ke aiki ba ce, yankewa ce. Yau babu kuɗi, gobe babu shi a famasi, jibi wani ya ce a daina.

Baba Alhaji, ku kuma maganarku ta shanyewar jiki ba zan bar ta ta wuce ba, don akwai gaskiya a ciki, sai dai an kama ɓarawon da ba shi ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mace ta sa uku ko huɗu a tukunya, ta ƙara gishiri, ta ƙara kanwa. Ƙa'idar ita ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Gishiri ke tayar da hawan jini, hawan jini ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Ni duk wanda ya rage dunƙule a gidansa ina yaba masa, amma saboda gishirin.

Alhaji Mai Goro (Marwa):
'Yata, wannan na yarda da ita, don ni ma an hana ni gishiri bara. To shi shanyewar jikin, ina 'yan dakon suke lokacin da abin ke faruwa?

Ɗalibin Likita (Garwa):
Baba, wannan shi ne wurin da ya fi tayar min da hankali ranar da aka koya mana. Ɗan dakon ba kyauta yake aiki ba. Gulutamet ɗin da ke cikin ƙwaya ya ninka na waje sau dubbai, don haka tura shi ciki kamar hawan tudu ne da kaya. Dabarar da yake yi, duk gulutamet ɗaya sai ya shigo da shi tare da sodiyam uku, ya fitar da fotasiyam ɗaya. Sodiyam ya fi yawa a waje, yana ta neman hanyar shiga, shi ke janyo gulutamet ɗin. Kuma abin da ke riƙe da wannan bambanci na sodiyam wani famfo ne mai cin makamashi dare da rana. Shi ya sa ƙwaƙwalwa, da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, take cinye kusan kashi 20 na makamashinsa.

Idan jijiyar jini ta toshe, iskar oksijin da sukari suka yanke, cikin 'yan mintuna famfon ya tsaya. Mu mutanen Garwa mun san abin da ke faruwa da magudanar ruwa idan Binuwai ya cika ya batse: hanyar da ke fitar da ruwa daga unguwa ita ce ke dawo da shi cikin gidaje. Haka 'yan dakon nan, sai su juya, su riƙa amayo gulutamet waje maimakon haɗiyewa. David Attwell da abokan aikinsa a Landan suka nuna wannan a 2000. Ɓarnar sai ta bazu daga wurin da jini ya yanke zuwa maƙwabta.

An gwada magunguna da yawa masu toshe ƙofofin gulutamet ga masu shanyewar jiki. A dabbobi sun yi kyau, a mutane ba su ci nasara ba. Abin da ke aiki har yanzu shi ne buɗe hanyar jinin da wuri, kuma allurar narkar da gudan jinin tana da iyakar awa huɗu da rabi, sai kuma an yi hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, a nufi asibiti, kada a kwana ana shafe-shafe.

Mai Famasi (Marwa):
Bari in shigo da tawa, tunda an zo nan. Watan jiya wani matashi mai ilmi ya zo shagona da waya a hannu, yana neman seftiriyakson, allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, kwalba 30. Na tambaye shi takardar likita, babu. Wai ya karanta cewa yana ƙara yawan waɗannan 'yan dakon, zai riƙa yi wa mahaifinsa da jikinsa ya shanye. Na ƙi sayar masa, ya fita da fushi, na kuma san wani wurin zai je ya samu. Ɗalibi, akwai asalin wannan maganar?

Ɗalibin Likita (Garwa):
Akwai, Yallaɓai, kuma labarin ya cancanci a ji shi har ƙarshe, don mutane rabinsa suke karantawa. Ya samo asali ne daga wata cuta daban, wadda a asibitocinmu ake kira cutar Charcot, da sunan likitan Faransa da ya bayyana ta, masu Ingilishi kuma suna ce mata ALS. Ita ce ta kama masanin nan Stephen Hawking. Jijiyoyin da ke motsa tsoka ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwa da laka, galibi mutum yana cikin hankalinsa jikinsa yana ƙin bin umarninsa. A 1992 Jeffrey Rothstein na jami'ar Johns Hopkins ya gano cewa kwashe gulutamet ya yi rauni a ƙwaƙwalwa da lakar waɗanda suka mutu da ita, a 1995 kuma ya nuna EAAT2 ne ya ragu. Sai suka ce to a nemo abin da zai ƙara shi. Suka tantance magunguna 1,040 da ake da su, a 2005 suka ba da sanarwar cewa dangin fenisilin, musamman seftiriyakson, suna ƙara yawansa a ɓeraye, har ɓerayen masu irin cutar suka ɗan ƙara kwana.

Aka yi murna. Aka shirya babban gwaji da majinyata sama da 500 a Amurka da Kanada, ana ba su giram 4 a yini ta jijiya wata da watanni. A 2012 aka dakatar da shi, sakamakon ya fito a 2014: bai ƙara musu kwana ba, bai rage gudun cutar ba, sai ma matsalar matsarmama da hanji da ya jawo wa wasu. Har yau tambayar tana nan, shin raguwar 'yan dakon ce ke fara kashe jijiyar, ko kuwa mutuwar jijiyar ce ke sa su ragu. Masana suna kan aiki, amma babu maganin ƙara su da aka tabbatar a jikin mutum.

Mai Famasi (Marwa):
Ka ga abin da nake tsoro. Mu da muke zaune a yankin sanƙarau, seftiriyakson shi ne makaminmu idan zafi ya shigo yara suka fara sanƙarewa. In aka mayar da shi abin yi wa kowa don gyaran ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin cuta za su saba da shi, ranar da muke buƙatarsa da gaske ya ƙi ci.

Ummu Aisha (Injamena):
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Kawuna wannan cutar ta Charcot aka ce yana da ita. Da farko hannun dama ne ya daina riƙe kofin shayi, muka ce sanyi ne. Yanzu maganarsa ma da ƙyar. Dangi wasu sun ce sammu ne, an kashe kuɗi ba kaɗan ba. Ɗan uwanmu da ke Faransa ya aiko da wata ƙwaya riluzol. Tana warkarwa?

Ɗalibin Likita (Garwa):
Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ku ladan jinya. Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, ba ta warkarwa. Tana rage fitar gulutamet daga jijiya, an amince da ita a Amurka a 1995, kuma a gwaje-gwaje watanni biyu zuwa uku take ƙara wa mutum a matsakaici. Tana iya taɓa hanta, don haka a sha ta a ƙarƙashin likita ana gwada jini. Abin da zai fi taimaka masa kullum shi ne kula da haɗiyar abinci kada ya ƙware, a tausasa masa tuwo a kaurara masa kunu, a lura da numfashinsa in ya kwanta. Kuma a riƙa zama ana masa hira, galibi mai wannan cutar yana ji yana kuma ganewa.

Malam Liman (Garwa):
Na bi maganarku tun daga farko, Allah ya yi muku albarka. Mutane suna kawo mana masu farfaɗiya, muna yi musu addu'a, kuma ba za mu daina ba. Amma ni ban taɓa ce wa kowa ya ajiye maganin asibiti ba, duk malamin da ya ce haka ya ɗauki nauyin da ba zai iya sauke shi ba. Wata tambaya gare ni, don ana yawan yi min ita: yawun mai farfaɗiya yana sa wani ya ɗauka? A makarantarmu in yaro ya faɗi sai sauran su watse.

Nas Hadiza (Kusiri):
Allah gafarta Malam, ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta kwano, ko ta taɓawa. Guduwar da ake yi ita ke sa su faɗa wuta ko ruwa ba mai cetonsu. In kun faɗi wannan bayan salla ranar Juma'a, ya fi mu faɗa sau ɗari a asibiti.

Abban Walid (Ngaundare):
Na janye maganar farfaɗiya, bayanin hanji da shingen ya shige ni. Amma ni dai in na ci abinci mai farin magi da yawa kaina yana ciwo, kuma ba wanda zai ce min ƙarya nake. A gidana daddawa za a ci gaba da sawa.

Mai Famasi (Marwa):
Ba wanda ya ce ka ci dole, Malam, abin da jikinka ya ƙi ka bar shi. Daddawar Marwa ma in kana so a aiko maka.

Maman Yusra (Garwa):
Mun dawo yanzu. Likita ya duba shi, ya mayar da shi kan maganin, ya ce mu dawo bayan sati biyu a duba maganar barcin. Inna ce ta riƙe masa hannu har muka fito. Na karanta mata abin da kuka rubuta a mota, wurin magudanar Binuwai ta sa na maimaita mata sau biyu. Ta ce ƙwayar a ɗakinta za a ajiye, ita za ta riƙa ba shi bayan sallar isha'i, amma magi kam ba zai sake shiga tukunyarta ba. Anti Hadiza, in aka manta dare ɗaya bai sha ba, washegari biyu ake ba shi ko ɗaya?

Nas Hadiza (Kusiri):
Kada a haɗa masa biyu. Ki kira lambar da likitan ya ba ku ya faɗa muku yadda yake so a yi in hakan ta faru, ki rubuta a jikin kwalin. Kuma ku sayi na wata mai zuwa tun saura sati guda wannan ya ƙare.